Ƙyauren Fam Goma Sha Tara

Ɗakin da muka kama a Bradford,
hawa na biyu, saman shagon mai wanki,
akwai kabad a cikin bango, baki wangame
kamar tsohon da haƙora suka yi wa ƙaura.
Wanda ya zauna kafin mu ya tafi da ƙyauren,
ko ya ji ɗumi da shi, Allah masani.

Asabe ta rataya zanenta a wurin,
amma da an buɗe ƙofar ɗaki
sai iska ta ɗaga shi, ta shiga tsegumi:
ga rigunan aikin darena guda uku,
ga akwatin da muka zo da shi, zif ya mutu,
ga buhun shinkafa inda ya kamata a ga kwat.

Na je kanti. Yaron ya latsa na'ura,
ya ce fam ɗari biyu da tamanin, ban da ɗaurawa.
Na yi masa godiya irin ta ƙosasshe,
na fito yayyafi na dukana, ina juya kuɗin zuwa naira,
abin da na rantse na daina.

Babana kafinta ne a Funtuwa,
shekara talatin fensir na bayan kunnensa.
Ya ce, zo ka riƙe mini nan. Na ce ina da jarrabawa.
Ya ce, zo ka ga yadda ake bin jijiyar katako.
Na ce gobe.
Yau ga ni, digiri biyu kwance a wancan akwati,
ina tsugune bayan shagon tayil
ina roƙon katakon da aka sauke kaya a kai aka yar.

Maƙwabcina Tadeusz ya ara mini zarto,
bai tambayi ko na iya ba, Allah ya saka masa.
Na zare tsoffin ƙusoshi ɗaya ɗaya,
na goge da sanfefa har yatsuna suka yi sulɓi.
Na auna sau biyu, na yanka miƙe sak,
na ɗaga, na kai bakin kabad.

Ya ƙi shiga.

Gidan ya haura shekara ɗari,
babu kusurwa ɗaya mai gaskiya a cikinsa.
Sama ya fi ƙasa faɗi da yatsa biyu.
Na zauna cikin garin katako ina huci,
mai wanki na buga silin da sandar goge-goge,
sai na ji tsohon, daga inda ba a dawowa:
Ba a yi wa bango gardama, Barau.
In ya karkace, karkata masa.

Na karkata.

Maratayan ƙarfe huɗu, fam takwas.
Sukurori, fam uku.
Gwangwanin fenti da ya lotse aka rage masa kuɗi,
shi ma takwas, shuɗi ne, ba shi muka so ba.
Mariƙi kuwa kwarkwaron zaren Asabe ne guda biyu,
Ladidi ta shafa musu jan farcen uwarta
ta sha faɗa, ta ce ai ado ne.

Yanzu yana rufuwa, sai dai da ɗan tari.
Na hagu ya ɗara na dama tsawo,
tsakaninsu akwai tsaga, kyankyaso zai wuce bai sunkuya ba.
Amma shinkafa ta shige, akwati ya yi shiru,
asiri ya rufu a kan fam goma sha tara.
Asabe ta sauke zanenta, ta wanke,
ran Juma'a ta ɗaura shi zuwa gidan suna.

Daren nan ina cikin bas zan tafi aiki,
gari ya yi duhu, gilashi ya zama madubi.
Na ga wani mutum ya ƙura mini ido,
furfura a gemu, garin katako a gira,
fensir a bayan kunne.
Ban cire ba.